An Kwashe Goɗiyar Malam Maiwada a Buhu

Ranar Talatar da ta wuce ƙannena biyu, Nasidi da Abbati, suka shiga shigifar gidanmu a Ƙaura, suka tattara babur ɗin mahaifinmu da ke kwance a warware, suka zuba kayan cikinsa a buhu uku, suka ɗora gangar jikin a kura, aka tura wa Dogo mai sayen tsofaffin ƙarafa a bayan tasha. Sun jira ne sai da Inna ta tafi bikin suna a Ɗan Isa. Da ta dawo ta tarar an share ɗakin fes, an naɗe fatar da kayan ke kai an jingine a lungu, har an kira mai fenti. Shago za su buɗe. Wai an ba mu jiha, Ƙaura za ta cika da baƙi, yanzu ba lokacin ajiye tarkace ba ne.

Tarkace. Da kunnena na ji kalmar nan a bakin Nasidi. Shi ya sa na zauna in rubuta ko wane ne mahaifinmu Malam Maiwada da abin da ke cikin buhunan nan. Su biyun a makare aka haife su. Sun tashi sun ga babur ne kawai suna hawa bayansa ranar salla, ba su taɓa tambayar yadda yake kaiwa wata shekarar ba.

Babanmu malamin allurar shanu ne. Ba babba ba ne a wurin aiki, har ya yi ritaya bai taɓa samun tebur nasa shi kaɗai ba. Gajere ne, muryarsa ba ta da ƙarfi, yana da tabo a ƙwauri inda wani bijimi ya harbe shi a Gurbin Bore. Tun zamanin En'e yake bin rugage a kan keke, daga Ƙaura zuwa Zurmi, daga Zurmi ya karkata Shinkafi, wani lokaci har bakin iyaka. Ya kan yi kwana goma bai dawo ba, in ya dawo ƙafafunsa a kumbure. A shekarar da aka gama yaƙin basasa ya sayar da shanunsa biyu ya je Gusau ya sayo babur baƙi mai farin tanki. Ya sa masa suna Goɗiya, kuma daga ranar babu wanda ya ƙara cewa babur a gidanmu. Sai dai a ce Goɗiya ta fita, Goɗiya ta dawo, Goɗiya tana tari.

Damina ɗaya ta ishe ta. Hanyar Zurmi a lokacin laka ce da yashi da gulbi. Wani wurin ya hau ta, wani wurin ya tura ta, wani wurin a ɗauke ta a ka a ƙetare ruwa da ita. Kafin a gama yankan dawa tana wani irin kuka, da sanyi ya shigo kuma sai ya buga kiki sau ashirin da safe ba ta tashi ba.

A nan Baba Lawrence ya shigo rayuwarmu. Makanikin reluwe ne, mutumin Binuwai, yana zaune a barikin ma'aikata da matarsa Theresa. Wata safiya yana wucewa ya ga Baba yana zufa a kan kiki cikin sanyin nan, ya tsaya ya ce, "Malam Shanu, wannan ba saniya ba ce da za ka yi ta harbinta. Buɗe cikinta."

Baba ya ce, "In na buɗe wa zai rufe?"

Ya ce, "Kai."

Abin da ya koya masa ke nan, kuma ba littafi a ciki. Duk abin da ka fara cirewa ka ajiye shi a hannun dama. Na biyu ya bi shi ta hagu. Haka za ka yi ta tafiya, layi bayan layi. Kowane noti ya kwana kusa da abin da aka kwance shi daga jikinsa. In ka tashi haɗawa, sai ka fara daga inda ka tsaya ka koma baya. Baba ya ce ashe kamar rubutun allo ne. Baba Lawrence ya ce shi bai san allo ba, amma in haka ne to mai allo ya san aikinsa. Wani arɗo ya ba Baba fatar bijimi jemammiya, ita ya shimfiɗa a shigifa, suka kwana biyu suna kwancewa bayan la'asar. Rana ta uku aka aiko kiran Baba wata ruga kusa da gari, ya ari keke ya fita da sassafe.

Ina gida hutun ƙarshen shekara, ina aji uku a sakandare. Innarmu Kubura ta fito da tsintsiya za ta share shigifa kamar kullum, ta tsaya tana kallon fatar nan. Ƙarafa baƙi ƙirin, babba kusa da ƙarami, noti ɗaya a nan uku a can, kamar kaji sun bi ta kai. Ta ce, "Dubi abin da mazan ga sunka bari. Baƙo ya shigo ya ce babu mace a gidan nan."

Wanda ya san ɗakin Inna a lokacin zai gane abin da ya biyo baya. Jerenta ya yi suna a unguwarmu. Tasoshi da kwanuka a tsaye har kusan rufi, babba a ƙasa ƙarami a sama, kowanne kana ganin fuskarka a jikinsa. Amare har zuwa suke yi su ga yadda take yi. To abin da ta iya shi ta yi wa mijinta. Ta ɗebo toka da yashi mai laushi da soso, ta zauna tun hantsi har azahar. Ta goge fistin har yana ƙyalli. Ta wanke kafireta da ruwan zafi da sabulu. Siraran zobban da ke jikin fistin ta ga sun yi datti a ƙarƙashi, ta ɓamɓare su, biyu suka karye, ta zubar a juji. Sannan ta jera komai a jikin bango, manya a ƙasa, ƙanana a sama, notuna duka a ƙoƙo ɗaya, wasoshi a wani. Ni da na san sunan kowane ƙashin jikin mutum da Turanci, ina tsaye ina cewa ya yi kyau. Ya yi kyau ɗin kuwa.

Baba ya dawo ya jingine keke, ya tsaya a ƙofar shigifa. Ya daɗe. Inna tana bayan asabari tana jiran yabo.

Ya ce, "Kubura, mi kinka yi?"

Ta ce, "Gyara, Malam. Ba ka gani ba?"

Ya ce, "Na gani." Ya cire hularsa ya mayar. "Sannu da aiki."

Ya wuce ɗakinsa. Sai da Baba Lawrence ya zo ya ga jeren, ya zauna a ƙasa ya yi ta dariya har yana share hawaye, sannan Inna ta gane. Ya ɗaga fistin ɗin ya nuna wa hasken ƙofa ya ce, "Madam, shekara goma sha biyar ina reluwe ban taɓa ganin inji mai tsabta kamar wannan ba. Kuma ba zai tashi ba." Yashin ya karce shi. Sai da aka ba wani gadin jirgin ƙasa saƙo ya sayo sabon fistin da zobba a Zariya, aka yi kwana tara ana jira. Notunan kuwa, yammaci biyar suka yi suna gwadawa ɗaya bayan ɗaya, wannan ya shiga, wannan ya ƙi. A cikin kwanakin Baba ya je Zurmi ya dawo a kan keken aro.

Inna ta daina cin abinci sosai. Wani mijin da faɗa zai yi, ko ya hana ta shiga shigifa har abada. Baba jira ya yi har ranar da Goɗiya ta tashi. Da sanyin baɗi ya zagayo, ranar da zai fara kwancewa, ya leƙa cikin gida ya ce, "Kubura, taho ki zauna. Tunda kin iya jere, ki koyi wannan." Ya sa mata kujera 'yar tsugune a bayan asabari inda take ganin fatar. Kowane ƙarfe ya cire sai ya ɗaga mata ta gani kafin ya ajiye.

Ita ba ta yarda da sunayen Baba Lawrence ba, ta raɗa nata. Kafireta buta ce. Fistin ƙoƙo. Bawul guda biyu, masu dogon wuya da faɗin kai, maburgi. Sarƙa kuwa tsakiya. Kafin shekara uku ta fi su riƙe layin. Sai ka ji Baba Lawrence yana lalube yana cewa me ya biyo baya, murya ta fito daga bayan asabari: "Maburgi biyu, sannan 'yan kunnensu." Har shi ma ya koma cewa buta da maburgi. Ya taɓa gaya mana ya faɗi haka a gaban shugabansa a wurin aiki, aka ɗauka zazzaɓi ne ya kama shi.

Haka abin ya zama al'adar gidanmu. Da an kai amfanin gona rumbu, da ruwan randa ya fara cizon haƙori da safe, sai Baba ya ce Goɗiya za ta shiga ɗaki. Kwana bakwai, ba ya yarda a wuce. Dalilinsa shi ne laka ta gama aikinta, rani mai tsawo yana gaba, kuma a rani ne shanu ke taruwa a bakin ruwa, lokacin da aka fi nemansa. Warin kananzir ya cika shigifa ya haɗu da hayaƙin kaskon wuta. Baba yana durƙushe da tsohuwar rigar sanyin soja da ya saya a gwanjo, yana wanke ƙarafa da gashin kaza. In takardar da ke toshe bakin inji ta mutu ba ya saye. Kwali yake ɗorawa a kan ƙarfen, ya bi gefe da ƙaramar guduma a hankali, ƙwas, ƙwas, har siffar ta fita da kanta. Da safe kafin ya gwada tayarwa sai ya gasa fulogi a kan garwashi kamar mai gasa gyaɗa. Theresa takan aiko da doya soyayya, Inna ta mayar da kwanon da fura.

Kada a ɗauka Inna kaɗai ta yi ɓarna. Wata shekara Baba Lawrence ya ce sarƙa ba ta shan mai da kyau sai an dafa ta a cikin giris. Baba ya shiga madafi Inna ba ta nan, ya ɗauki tukunyar ƙarfen da ta zo da ita daga gidansu, ya narka giris ya dafa sarƙa. Da ta dawo ta shinshina tukunyar ta ce, "Malam, mi ka yi?" Ya ce, "Gyara, Kubura. Ba ki gani ba?" Ta kalle shi ta ce, "Sannu da aiki." Ta bar masa tukunyar. Tana cikin kayan da aka kwashe ita ma.

Kowane sanyi kuma sai ya ƙara wa Goɗiya abu ɗaya. Wata shekara maƙera suka ƙera masa kariya mai faɗi ta ɗora kaya a baya. Wata shekara kafinta ya yi masa akwatin katako na magani, ya lulluɓe shi da buhun da yake jiƙawa don kada zafi ya kashe allura. Dukawan Shinkafi suka ɗinka wa kujerar rigar jar fata. Ya yanka tsohuwar tayar mota ya rataya a bayan ƙafar gaba saboda laka. Ya sa madubi na biyu. Akwai shekarar da ya ɗaura mata ƙahon roba irin na masu keke, don ya ce nata na asali yana firgita maruƙa. Mutanen Zurmi sun san ƙarar ƙahon nan. Har yau in na je can aka ji ɗiyar wane ce ni, sai tsofaffi su matsa hannu a iska su kwaikwayi kukansa.

Ba zan ce Baba waliyyi ba ne. Yana da taurin kai. A kwana bakwai ɗin nan ko haihuwa aka yi a dangi sai dai ya je ya dawo da gaggawa. Ranar ɗaurin aurena da baƙin mai a farcensa ya karɓi baƙi. Na yi fushi a lokacin. Amma a kan Goɗiya ya kai ni makaranta da akwatina a baya, lokacin da 'yan'uwansa ke cewa karatun ɗiya mace ɓata lokaci ne. A kanta ya ɗauko ungozoma ranar da aka haifi Nasidi, cikin ruwan sama. Shekara ashirin da biyar ba ta taɓa barinsa a daji ba, kuma ba don sa'a ba ne. Kwana bakwai ɗin nan ne.

Bayan ya yi ritaya bai daina ba. Fulani suna zuwa har gida, yana bin su. Sanyin bara ya shimfiɗa fata kamar kullum, shi da Baba Lawrence, tsofaffi biyu kowanne da tabarau. Sun gama kwancewa rana ta biyu. Rana ta uku ƙirji ya kama Baba. Rana ta biyar da hantsi ina zaune a gefensa, Inna tana ba shi kunu a ludayi, ya ture ludayin ya ce, "Kubura, kwana nawa yau?"

Ta ce, "Biyar."

Ya ce, "Saura biyu. Kar a bar ta a buɗe."

Ta ce, "Ba a bari, Malam. Sha kunu."

Bayan azahar Allah Ya karɓi abinsa.

Alkawarin da Inna ta ɗauka ke nan a gaban idona. Ba wasiyyar gona ba ce, ba ta gida ba, amma ta ce ba a bari. Ta shiga takaba. Kafin ta fita damina ta faɗi, Baba Lawrence kuma aka yi masa aikin ido, ya ce a jira sanyi, lokacin da Malam ke yi. Wata goma sha ɗaya Inna tana shiga shigifa kowace safiya, ta ɗaga zanen da ta rufe kayan da shi, ta share gefen fata ba ta taɓa ko noti ɗaya ba, ta diga wa kowane ƙarfe mai don kada ya yi tsatsa. Matar da ta taɓa hargitsa layin nan ita ta tsare shi kusan shekara. An sa ranar farawa, Asabar mai zuwa. Nasidi da Abbati sun sani. A gabansu aka sa ranar.

Da na je na same su, Abbati ya kasa ɗaga kai. Nasidi ne mai baki. Ya ce, "Yaya Mariya, ko an haɗa shi wa zai hau? Ke?"

Na ce, "In ta kama."

Ya yi dariya ya ce babur ɗin ya girme shi. Na ce haka ne, kuma ya fi shi amfani a gidan nan. Ya ce in daina mayar da ƙarfe mutum. Na ce ni ban mayar da ƙarfe mutum ba, su ne suka mayar da uwarsu kamar ba mutum ba, da suka jira ta juya baya. Babu wanda ya hana su shago. Da sun yi haƙurin mako biyu, da Goɗiya ta fita daga shigifa da ƙafarta, su yi fentinsu.

Na je wurin Dogo da kaina. Mutumin kirki ne, ya san Baba. Ya nuna mini buhunan uku a ɗaure yadda aka kawo su, gangar jikin a jingine, rigar jar fatar tana nan a kujera. Ya ce, "Hajiya, ni ba na shiga tsakanin 'yan gida ɗaya. Waɗanda sunka kawo su zo su ɗauka, ba ni hanawa. Amma ranar Juma'a mota za ta yi lodi, kuma abin da ya hau mota ya tahi narkawa."

Baba Lawrence kuma ƙarshen watan nan zai koma garinsu gaba ɗaya. 'Ya'yansa sun matsa, Theresa ta riga ta tafi da kaya. Shekara arba'in ya yi a Ƙaura, kuma saboda aikin nan kaɗai ya ƙara kwanaki. Jiya ya zo da sandarsa da jakar sifanunsa, ya tsaya a ƙofar shigifa. Na ce masa ai ko an dawo da su an riga an cakuɗa komai. Ya ce, "An taɓa cakuɗa su. A lokacin ma ba mu da Madam a ɓangarenmu."

Gaskiya ya faɗa. Inna ta kori mai fenti, ta warware fatar ta shimfiɗa a inda take. Shekara da shekaru na baƙin mai sun bar tabo a jikinta, kowane ƙarfe da inuwarsa. Tana zaune a kujerarta, yanzu babu asabari, tana bin tabon da yatsa daga dama zuwa hagu tana kiran sunaye. Buta. Ƙoƙo. Maburgi biyu da 'yan kunnensu. Ta ce in dai babu abin da ya zube a hanya, za ta mayar da kowanne mazauninsa. Tun Talata ba ta yi wa 'ya'yanta maza magana ba, kuma ba ta yi kuka ba. Ni na fi son ta yi kukan.

Saboda haka, Nasidi da Abbati, ga abin da nake nema, kuma na rubuta shi ne don kada gobe wani ya ce bai ji ba. Kafin Juma'a ku je bayan tasha da ƙafarku, ba aike ba. Ku ɗauko buhu uku da gangar jiki da tukunyar Inna. Ku bi hanyar da kurar ta bi kuna duba ƙasa, ko wani noti ya faɗi. Ku ajiye su a ƙofar shigifa, kada ku kwance bakin buhu, ba ku san layin ba. Sannan ku durƙusa ku ba uwarku haƙuri, ku bar mata ɗakin kwana bakwai.